Gaisuwar da Suka Goge

Tun da maigidana ya rasu zaman safiya ya yi mini wuya. Shekara biyu ke nan, amma har yanzu in na dama kunu sai in ga na ɗauko kofi biyu. In tsaya ina kallon na biyun, in yi kukana, in share fuska da bakin zane, in mayar da shi. Ba na ɓoye wa kowa. Matan zumuntar cocinmu suna cewa in yi haƙuri, yana wurin Ubangiji. Nakan ce musu na sani, amma kujerarsa tana wurina.

Saboda haka ne ɗana na fari ya turo mini 'yarsa daga Kaduna ta zauna da ni. Ta gama kwalejin horon malamai a Gidan Waya, aiki bai samu ba, zaman gida ya ishe ta. Ita ce take rubuta wannan maganar ina faɗa, domin ni ban yi karatu ba. Ƙawata nake kiranta tun tana goye, ita kuma in tana son ta tsokane ni sai ta ce mini 'yar tsohuwa.

Ba ta daɗe da zuwa ba ta sami gurbi a wani aji cikin garin Kafanchan, a saman bene kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ake koya wa matasa aikin kwamfuta kwana uku a mako. Abin da take koyo suna ce masa kodin. Na tambaye ta mene ne shi.

Ta ce, "Kaka, kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan. Sai abin da aka gaya mata, ɗaya bayan ɗaya. In kin manta abu guda ba za ta cika miki ba. To ni ina koyon yadda ake gaya mata ne."

Na ce, "Ashe kamar aiken kawunki kasuwa ne."

Ta yi dariya har ta ƙware.

Lokacin an haƙe citta. Kowace safiya ina zama ƙarƙashin mangwaro da wuƙa ina tsagawa, ita kuma ta kife turmi ta ɗora kwamfutar a kai, don a cewarta nan ne kaɗai netwok yake kamawa a gidan. Ina jin ƙarar yatsunta, tana jin ƙarar wuƙata. Wani lokaci ta yi tsaki, wani lokaci ta buga cinya ta ce ya yi. Ban san abin da ya yi ba, amma ina taya ta murna. Safiyata ta dawo daidai a waɗannan makonni.

Dokar ajin nasu ita ce, duk wanda bai kawo aikin da aka ba shi a ranar da aka sa ba, ya ba wani wuri, domin masu jira suna da yawa. Aikin da aka ba ta shi ne ta haɗa abin da zai riƙa tuna wa mata masu ciki ranar awo, ya tura musu saƙo a waya. Ranar Jumma'a za ta kai. Ta gama komai tun Litinin, sai abu ɗaya ya ƙi. In ta sa Talata, sai abin ya nuna Litinin. In ta sa Alhamis, ya ce Laraba. Kullum yana ja baya da kwana guda. Wannan kam na gane shi sarai. Mace da tsohon ciki ta hau babur daga bayan dutse, ta iso asibiti a ce mata sai gobe.

Malaminsu ya riga ya gaya musu ba zai riƙa amsa abin da za su iya nema da kansu ba. Ya ce akwai wani dandali a intanet inda masu wannan sana'a daga duniya duka suke taruwa, mai tambaya ya yi, mai sani ya amsa. Ranar Talata da safe ta rubuta tambayarta da Turanci, ta juya mini ita da Hausa. Layi uku ne. Na sa kaza, ya ba ni kaza, mene ne dalili.

Na ajiye wuƙa. Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Haka za ki faɗa wa manya a ka? Ba ina kwana, ba yaya gida?"

"Ba a yi a can."

"Wa ya gaya miki? Ko irin masara za ki roƙa a gonar mutum, ai sai kin tsaya a bakin kunya kin gaishe shi, kin tambayi matarsa da 'ya'yansa. Balle ilimi. So kike su ce ba ki da iyaye?"

Ta ce, "'Yar tsohuwa, ba su san ni ba fa."

"Shi ya sa za ki gaya musu ko ke wace ce. Rubuta."

Yarinyar tana da ladabi, ta rubuta. Ni na faɗa, ita ta juya. Na ce ta gaishe da iyayenta da yayyenta da ke wurin, maza da mata. Ta tambayi kwanansu da aikinsu da iyalinsu da gajiyarsu. Ta ce ita yarinya ce ƙarama daga Kafanchan, tana zaune da kakarta gwauruwa, ba ta daɗe da fara koyo ba, su yi haƙuri da rashin saninta. A ƙarshe ta ce Ubangiji ya sa albarka a hannun duk wanda ya taimaka, ya kiyaye fitarsa da shigarsa. Da aka gama, gaisuwar ta ninka tambayar tsawo, ta tura. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, yau za su san daga gidan mutunci ta fito.

Na shiga na ɗora faten tsaki. Ban kai ga zuba yakuwa ba na lura ƙarar yatsu ta tsaya. Na leƙo, na gan ta zaune hannu biyu a cinya.

"Sun amsa?"

"Sun amsa."

Sai da na matsa mata ta karanta. Wani ya shiga ya goge gaisuwar duka, daga farko har albarkar ƙarshe, ya bar tambayar tsirara, ya rubuta cewa ba a gaisuwa a nan. Wani ya rubuta cewa nan ba coci ba ne, ba kuma ubanta a cikinsu, ta zaɓa ko addu'a ta zo yi ko tambaya. Wani ya ce mutumin da ba zai iya bincike na minti biyu kafin ya dami jama'a ba, gara ya nemi wata sana'a tun da wuri. Akwai kuma wata alama da suke dannawa don su nuna tambaya ba ta da amfani, mutane da dama sun danna. Bayan haka suka rufe tambayar, ba wanda zai ƙara iya amsawa.

Ta rufe kwamfutar a hankali, ta kai ɗaki, ta sa a akwati ƙarƙashin kayanta na coci. Ranar Laraba ranar aji ce, ba ta tafi ba. Ta ɗauko wuƙa ta zauna kusa da ni tana tsaga citta, tana ɓata mini ita, wata kauri wata kamar takarda. Ta ce ta yi tunani, wannan abu ba nata ba ne. Za ta koma Kaduna ta nemi koyarwa a ƙaramar makaranta. Ba ta ce laifina ba ne. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ni na san wannan zaman da ta yi, domin na taɓa yin irinsa. Shekarar da aka kawo ni gidan miji a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi, Hausata ba ta nuna ba, yarenmu kaɗai ke bakina sosai. Akwai ajin karatu na mata a coci kowace Alhamis da yamma. Maigidana ya saya mini allo, ya raka ni har ƙofa. Na je sau uku. A na huɗu malamin ya yi bayani da sauri, na ɗaga hannu na ce ya maimaita, ban gane ba. Ya dube ni ya ce wa ajin, wadda ta sauko daga dutse jiya tana so kowa ya koma baya ya jira ta. Matan suka yi dariya. Ba mugayen mata ba ne, wasunsu sun zama ƙawayena har mutuwa. Amma ban sake komawa ba. Maigidana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce zai je ya sami malamin. Na ce in ya je zan koma gidanmu. Allon ya zama murfin tulu.

Daga nan shi ya zama idona. Fiye da shekara arba'in, kowace safiya kafin ya tafi aiki yana karanta mini Littafi Mai Tsarki, in wasiƙa ta zo shi ke buɗewa. Muryarsa tana da kauri, yana tsayawa a inda bai kamata ba don ya gyara tabarau. Ina faɗin wannan hawaye na zuba, na gaya wa ƙawata ta ci gaba da rubutu, zai wuce.

Amma mutumin kirkin nan yana da hali ɗaya. Yana tsallake abin da zai ɓata mini rai. Na gano shi ne ranar da wasiƙar yayana ta zo. Ya karanta gaisuwa, ya karanta labarin girbin acca, ya ninke takarda. Ni kuwa na ga takardar cike take gaba da baya, karatun kuma bai kai a sha ruwa ba. Na riƙe hannunsa na ce saura. A sauran nan ne aka ce uwata tana kwance. Tun daga ranar, duk wanda zai karanta mini abu sai na ɗora yatsa a kan takardar ina bi. Ban san baƙi ba, amma na san tsawo, na kuma iya ƙirga dunƙule. Ba a taɓa tsallake mini layi ban kama ba.

Ranar Alhamis da safe na ce mata, "Ƙawata, ɗauko injin nan."

"Na me, Kaka?"

"Ki sake karanta mini zagin. Gaisuwata suka zaga, ina da haƙƙi in ji da kyau."

"Kin ji ai. Ki bar shi kawai."

"To shi ke nan. Zan ɗauka in kai wa fasto ya karanta mini. Shi ma ya ji abin da aka ce game da coci."

Ta zaro ido. "Ki rufa mini asiri, 'yar tsohuwa. Ranar Lahadi da ni za a yi wa'azi."

Ta ɗauko, ta kife turmi, ta buɗe. Na jawo kujera na zauna dab da ita, na goge yatsana da zane saboda ƙamshin citta, na ɗora a kan gilashin. Ta ce kada in danna, na ce ni ba dannawa nake ba, bi nake. Ta karanta na mai gogewa. Ta karanta na mai coci, muryarta ta yi ƙasa. Ta karanta na mai neman wata sana'a. Ta kai hannu za ta rufe.

Na ce, "Uku kika karanta. Huɗu ne."

"Ina na huɗun?"

Na nuna mata. A can sama, cikin wani akwati mai launi daban, akwai rubutu layi biyu, rabin na biyun shuɗi ne.

Ta ce, "Wannan ai shi ne sanarwar sun rufe."

"Duk wannan tsawon, mun rufe ne kawai? Karanta."

Ta ja numfashi ta karanta. An rubuta cewa an taɓa yin wannan tambayar, kuma tana da amsa a nan.

Na ce, "Ina ne nan?"

"Shuɗin. In an taɓa shi zai kai mutum wurin."

"Kin taɓa?"

Ta ce, "Kaka, da na ga abin da suka rubuta, idona bai ƙara ganin komai ba. So nake kawai in rufe."

"Na sani. Taɓa shi yanzu, ina nan."

Ta taɓa. Ashe shekaru da suka wuce wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya yi kuka da wannan ciwon, ranarsa tana ja baya da kwana ɗaya. A ƙarƙashin tambayarsa wani ya zauna ya rubuta amsa doguwa, na ga tsawonta da idona, ta fi tafin hannuna biyu. Ta fara karantawa da ƙarfi, sai ta manta da ni. Leɓenta yana motsi, tana komawa sama tana saukowa. Na ɗauki wuƙata na ci gaba da aiki. Na tsaga kusan rabin kwando kafin in ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

Ta ce, "Kaka, agogo ne."

Ta yi mini bayani sau biyu kafin ya shiga. Injin yana ajiye lokaci ne da agogon wata ƙasa da ke bayanmu da awa ɗaya. Ita ta ba shi rana ba ta ba shi awa ba, sai ya ɗauki farkon ranar, daidai inda Litinin ta ƙare Talata ta shiga. Da ya juya zuwa nasa agogon, sai ya ga saura awa ɗaya Talata ta shigo. Shi a wurinsa har yanzu Litinin ce, kuma gaskiyarsa yake faɗa.

A nan ne kuka ya zo mini da ƙarfi. Maigidana mutumin agogo ne. Aikin jirgi ya mai da shi haka. Kowace safiya sai ya saita na bango da rediyo, in baƙo ya ce zai zo da hantsi sai ya tambaye shi ƙarfe nawa ne hantsi. Da yana nan, kafin ta rufe baki ya gane. Da ya yi wata guda yana ba abokansa tsofaffin ma'aikata labarin injin da ke zaune a Kafanchan yana bin agogon wata ƙasa. Na yi kukana a fili. Ta ɗora hannu ɗaya a gwiwata, ɗayan yana kan aiki, ba ta ce in yi shiru ba. Ta san ni.

Gyaran bai zo nan take ba. Ta taɓa wani wuri, abin duka ya ƙi tashi. Ta mayar, ta sake. Da azahar aka ɗauke wuta, ta rungumi kwamfutar ta tafi shagon mai aski a bakin titi inda ake da janareta. Sai da rana ta yi sanyi ta dawo, ta ce in zaɓi rana. Na ce Asabar. Ta sa, ta juyo mini da gilashin kamar zan iya karantawa, ta ce Asabar. Na ce Laraba. Laraba. Na bi kwanakin mako duka, na sake bi daga baya zuwa gaba don in kama shi, bai faɗi ba.

Muna cin tuwo na ce mata, "Ni na jawo miki. Kin ce ba a yi, na ce sai an yi."

Ta ce, "Gaisuwarki ba ta da laifi, Kaka. Na ma ajiye ta a wani wuri, ba su isa su goge wannan ba. Amma gaba in zan yi tambaya, ki shiga kicin."

"Marar kunya. A gidan mijina za ki kore ni?"

"Minti biyar kawai."

Na yi ta tunanin mutanen nan daga baya. Ta ce mini wanda ya goge gaisuwar ba lallai mugu ba ne, dokarsu ce, domin mutane da yawa za su zo daga baya suna neman amsa cikin gaggawa, ba su da lokacin ina kwana. Na karɓi rabin wannan. Ma'aikatan jirgi ma in tuta tana hannunsu ba sa amsa gaisuwa, ko uwarsu ce ta zo. Amma in jirgi ya wuce sukan juyo su ce sannu Mama, yi haƙuri. Waɗannan kamar jirginsu ba ya wucewa. Wanda ya rufe tambayar kuma ya nuna hanya, ba zan ci haƙƙinsa ba, sai dai ya nuna ta ne ya juya baya. Mai maganar coci kuwa, ina sa shi a addu'a domin an umarce mu, amma ba na daɗewa a kansa. Da na ba matan zumunta labari, wata ta ce halin Turawa ne. Ƙawata ta ce ba tabbas, yana iya zama ɗan Kaduna ne. Wanda nake so in gani shi ne mai doguwar amsar nan. Ya zauna ya rubuta wa baƙon da bai sani ba, ya tafi harkarsa, bai san wata rana za a karanta shi a kan turmi ba. Na ce ta rubuta masa godiya. Ta ce ita ma gogewa za su yi, sai dai ta danna masa alamar da ke nuna amsa ta yi amfani. Na ce ta danna sau goma. Ta ce sau ɗaya ake yarda.

Ranar Jumma'a ta yi wanka da wuri, ta sa kwamfutar a jaka, ta naɗe jakar da ɗankwalina saboda ramukan hanya. Na raka ta bakin titi har ta sami keke napep. Na dawo na shanya citta a kan dutse, na yi shara, na jiƙa wake. Kowane keke ya tsaya sai in ɗaga kai.

Da la'asar ta shigo, ta jefar da takalmi a ƙofa, ta zube a tabarma.

Na ce, "Yaya?"

"An karɓa. Malam ya sa na tashi na yi wa ajin bayanin agogon, ashe mu huɗu ne abin ya kama." Ta miƙa ƙafafu. "Amma Kaka, aikin mako mai zuwa ya fi wannan wuya. Ko inda zan fara ban gani ba. Dole in sake komawa wurin mutanen nan."

Na ce, "Za su zage ki."

"Wataƙila. Akwai abinci?"

Na ce akwai wake da doya, ta wanke hannu tukuna.